Tuntuɓen Alƙalami a Cikin Jini: Yadda Halitta Ke Samun Sabon Aiki

 

Tambayar da aka ɗora mini a yau ita ce: ta yaya halitta ke samun wani aiki a jikinta wanda kakanninta ba su da shi? Littattafan da yaranmu ke karantawa sukan amsa ta da tsuntsayen tsibiran Galafagos, inda Charles Darwin ya yada zango a 1835. Ba laifi. Amma ban ga abin da zai kai mu har tekun Fasifik ba, alhali amsar tana zagayawa a jijiyoyin mutanen da ke zaune a ɗakin nan. In lissafin ƙasa ya hau kanmu, to kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu da nake kallo yanzu AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa. Da jininmu za mu fara.

Kowace ƙwayar jikin ɗan Adam mai cibiya tana ɗauke da wani dogon rubutu da ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, amma jerinsu ya kai kimanin biliyan uku, mutum kuma yana karɓar kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin rubutun akwai sassa kimanin 20,000 waɗanda kowannensu ke ɗauke da umarnin ƙera wani furotin. Su ne ƙwayoyin gado. Duk sa'ad da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai an kwafe rubutun nan kaf. Wanda ya taɓa ganin malami yana kwafar littafi da tawada da alƙalamin gamba ya san komai ƙwarewarsa, wata rana sai ya tsallake ɗigo, ko ya maimaita layi, ko ma ya kwafi shafi guda sau biyu. Jiki ya fi kowane malami iya kwafi nesa ba kusa ba, yana kuma da masu bin baya suna gyara, amma duk da haka kowane jariri yana zuwa duniya da sababbin sauye-sauye kimanin 60 zuwa 70 waɗanda babu su a jinin uwa, babu su a na uba. Akasarinsu ba sa komai. Kaɗan suna cutarwa. Can ba a rasa ba, sai a sami wanda ya zo da amfani, amfanin ma ya danganta da inda mutum yake zaune.

Sikila, wadda muke kira amosanin jini, harafi ɗaya ce. A kan kuromosom na 11 akwai ƙwayar gadon da ke ƙera wani ɓangare na himogulobin, furotin ɗin da ke ba jini launin ja, yake kuma ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sauran jiki. Wannan ɓangare sarƙa ce mai gaɓa 146. A gaɓa ta shida, inda rubutun ya kamata ya ce GAG, sai ya ce GTG. Shi ke nan. Amma wannan sauyi yana sa himogulobin ya riƙa manne wa juna idan iska ta yi ƙaranci, ya yi dogayen sanduna a cikin jar ƙwayar jini. Ɗaliban da suka leƙa madubin ɗakin gwaji sun gani da idonsu: a tsakiyar ƙwayoyi kewayayyu masu laushi, sai ga wasu sun lanƙwashe kamar lauje, sun yi tsini a baki biyu. Su ne ke maƙalewa a ƙananan jijiyoyi, su tare hanya, ciwon da ke sa yaro kururuwa da tsakar dare ya taso. Likita James Herrick ne ya fara bayyana siffar nan a Shikago a 1910, Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin gaɓar da ta sauya a tsakanin 1956 da 1957.

To ga abin ɗaure kai. Abin da ke kashe yara tun kafin su isa aure, ai kamata ya yi ya ƙare da kansa, tunda masu shi ba su bar baya ba. Me ya sa ya yi katutu a ƙasarmu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da shi duk shekara a Najeriya? Anthony Allison ya kawo amsar a 1954 daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka: wanda ya gaji kwafi ɗaya kawai, wato AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Binciken da ya biyo baya ya nuna kariyar ta kai kusan kashi 90 cikin 100 a kan irin zazzaɓin da ke kai yaro ga suma ko mutuwa. Ƙwayar cutar tana shiga jar ƙwayar jini ne ta yi gida, amma a jinin AS gidan ba ya yi mata daɗi, saifa kuma takan yi saurin tsince ƙwayoyin da suka kamu. Kada wani AS ya fita daga nan ya jefar da gidan sauronsa. Zazzaɓi yana kama shi, tsananinsa ne ke raguwa.

Ba sai mun dogara da Gabashin Afirka ba. A Garki, wadda take jihar Kano a lokacin, yanzu kuma Jigawa, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. Alan Fleming da abokan aikinsa sun auna jinin mutanen ƙauyukan. A cikin jarirai sun sami kimanin biyu cikin ɗari SS ne, wato masu kwafi biyu na sauyin, amma a cikin manya da ƙyar ake samun ko ɗaya. AS kuwa sun fi yawa a cikin manya fiye da cikin jarirai. Ku tsaya ku auna wannan magana. Sikila tana ɗauke SS ta gefe guda, zazzaɓi yana rage AA, waɗanda ba su da sauyin, ta ɗaya gefen, AS na tsakiya su ne suka fi kaiwa ga girma su hayayyafa. Abin da masana ke kira zaɓin yanayi ke nan, ga shi ƙiri-ƙiri a ƙauyukan Hausawa, a zamanin iyayenmu. Ina kyautata zaton da yawa daga cikin matan da aka riƙa ce wa masu wabi, aka zargi mayu ko iskoki a kan mutuwar 'ya'yansu, su da mazajensu AS ne kawai. Wani bincike na 2018, wanda Charles Rotimi ɗan Najeriya ya yi tare da Daniel Shriner, ya ƙiyasta cewa sauyin ya faru ne sau ɗaya, a jikin mutum ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce. Sauro ne ya yaɗa zuriyarsa.

Na san akwai ɗalibi mai kaifin basira da ke cewa a ransa: malam, wannan ai ɓarna ce da ta zo da riba, ba sabon aiki ba ne. Ƙorafinsa yana kan hanya, kuma ba zan kauce masa ba. Mu bar asibiti mu shiga kasuwa.

Ga Bafulatana ta sauke ƙwarya a gindin inuwa, ta buɗe faifai, ta dama fura da ludayi. Kowa a nan yana shan wannan lafiya lau. Amma a ba mutanen ɗakin nan madarar da aka tatso yanzu, kofi biyu kowa, a jira awa biyu. Wasu ko a jikinsu. Wasu kuwa ciki zai ɗauki ƙugi, ya kumbura, a shiga neman bayan gida. Dalili shi ne madara tana da wani sukari, laktos, wanda hanji ba ya iya tsotsewa sai wani sinadari mai suna laktes ya raba shi biyu. Kowane jariri yana da laktes, haka ɗan akuya, haka ɗan maraƙi. Bayan yaye sai jiki ya kashe makunnin da ke sa a ƙera shi, domin a tsarin dabbobi masu shayarwa babba ba ya shan nono. Haka akasarin manyan mutanen duniya suke har gobe. Nonon da ya kwana ya yi tsami kuwa, bakteriya sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, shi ya sa kindirmo ke zama lafiya a cikin da madara ba ta zama.

A cikin al'ummomin da suka daɗe suna kiwo, sai aka sami sauyin harafi ɗaya, ba a cikin ƙwayar gadon laktes ɗin ba, a makunninta da ke kusa da ita a kan kuromosom na biyu. Makunnin ya ƙi mutuwa, babba ya ci gaba da narkar da madara har tsufa. A shekarar fari, ko lokacin da ruwan sha ya gurɓace, mai wannan baiwa yana da abinci da abin sha a jikin saniyarsa. A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama ministan lafiya, sun gwada wannan a Najeriya. Sun sami mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos, kusan duk manyan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa, Hausawa kuma suna tsakani amma sun fi karkata ga marasa iyawa. Garin nan na Keffi da muke ciki, Abdu Zanga ne ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, Bafulatani mai shanu da ya taso daga ƙasar Katsina, ga kuma auratayya ta shekara ɗari biyu da ƙabilun da ke kewaye. Da ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Nasarawa za su auna wannan a Keffi, da sun sami abin rubutawa mai daɗi.

Abin da ya fi burge ni a labarin madara shi ne ba sau ɗaya abin ya faru ba. Sarah Tishkoff da tawagarta sun nuna a 2007 cewa makiyayan Kenya da Tanzaniya suna da nasu sauyin daban, wasu masu bincike kuma suka nuna Larabawa masu raƙuma suna da nasu, Turawan arewa suna da nasu, duk a kan makunni guda, haruffan ma maƙwabtan juna ne. Wanda aka fi samu a jinin Fulani irin na Turai ne. Duk inda mutane suka rungumi kiwo, sauyin da a da ba shi da wani tasiri sai ya zama jari.

Har yanzu ɗalibin nan zai iya cewa: an dai bar tsohuwar fitila a kunne, ba a ƙera sabuwa ba. To mu koma ga malaminmu mai kwafi, ranar da ya rubuta shafi guda sau biyu. A ganina nan ne zuciyar wannan lacca take. Muddin ƙwayar gado guda ɗaya ce tak ke riƙe da wani muhimmin aiki, ba ta da damar sauyawa, domin in ta sauya mai ita ya halaka. Amma in aka sami kwafi biyu, ɗaya za ta ci gaba da tsohon aiki, ɗayar kuwa ta sami 'yanci. Sauye-sauye za su yi ta taruwa a kanta. Galibi lalacewa take yi. Wani lokaci kuwa sai ta faɗa kan wani aiki da ba a taɓa yi ba. Susumu Ohno, masani ɗan Japan da ya yi aiki a Amurka, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan a 1970.

Shaidar tana nan a wurin da muka fara, kan kuromosom na 11. Ƙwayar gadon da sikila ke taɓawa ba ita kaɗai ba ce a wurin. Su biyar ne a jere masu aiki, rubutunsu ya yi kama da juna ƙwarai, ga kuma ta shida a tsakaninsu wadda ta lalace ba ta ƙera himogulobin, tana nan dai ana kwafarta daga zuriya zuwa zuriya. Biyu daga cikin biyar ɗin suna ƙera himogulobin na ɗan tayi. Ɗan tayi ba ya numfashi, daga jinin uwa yake samun iska ta hanyar mabiyiya. In himogulobin ɗinsa da na uwa ƙarfinsu ɗaya, da wuya ya karɓi abin da zai ishe shi. Nasa ya ɗan sauya, ya fi na uwa riƙon oksijin, don haka yake janyo ta zuwa gare shi. Wannan aiki ne sabo, an same shi daga kwafin tsohon abu.

Iyaye mata masu 'ya'ya SS sun san wani ɓangare na wannan labari ba tare da an koya musu ba. Jaririn yakan zo lafiyayye, a yi suna, a yi arba'in, ba a ga komai ba. Sai wajen wata shida a ga bayan hannu da ƙafa sun kumbura, yatsu sun yi suntum, yaro ba ya yarda a taɓa shi. Abin da ya faru shi ne himogulobin na tayi, wanda sikila ba ta shafe shi ba, ya ja baya, na manya mai sauyin ya karɓi aiki. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke ba masu sikila yana ƙara yawan wancan na tayin ne. A ƙarshen 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ke gyara DNA na ƙwayoyin ɓargon mai ciwon domin a sake kunna himogulobin na tayi. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Ku lissafa da naira in kun koma gida, ni ba zan ɓata muku rai yanzu ba.

Wani zai ce duk wannan labarin da ne, wa ya gani? Akwai wanda ya gani. A watan Fabrairun 1988 Richard Lenski ya zuba bakteriyar E. coli iri ɗaya a kwalabe 12. Kullum ana ɗibar kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon ruwa mai ɗan sukari, bayan kowace zuriya 500 kuma a daskarar da samfuri a ajiye. A cikin ruwan akwai sitiret, ɗan'uwan sinadarin da ke ba lemon tsami tsaminsa, wanda E. coli ba ta iya ci idan akwai iska. A 2003, bayan zuriya kimanin 33,000, aka wayi gari kwalba ɗaya ta yi duhu da yawan bakteriya. Sun fara cin sitiret. Da Zachary Blount ya koma kan samfuran da aka daskarar, sai ya gano yadda aka yi: ƙwayar gadon da ke shigar da sitiret tana nan tun asali, amma a kashe take in akwai iska. Kuskuren kwafi ya ninka ta, ya ajiye sabon kwafin kusa da makunnin wata ƙwayar gado da ke kunne a cikin iska. Kafin wannan akwai wasu sauye-sauye da suka share fage, bayansa kuma wasu suka ƙarfafa aikin. Sauran kwalabe 11, da abinci iri ɗaya da kulawa iri ɗaya, ba su samu ba. Wato buƙata ba ta kiran sauyi. Sauyi yana zuwa ne da kansa, yanayi kuma ya riƙe wanda ya dace.

A nan zan ɗan ratse, domin na ga limamai da fastoci a sahun gaba. Ban zo yin muhawara kan asalin ɗan Adam ba, wannan fage yana da malamansa. Abin da nake bayani abu ne da ake aunawa a ɗakin gwaji, manomi ma yana aiki da shi duk kaka in ya ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri. Gero da dawar da muke ci daga ciyayin daji aka fitar da su ta wannan hanya, a nan nahiyarmu. Mai imani da cewa Ubangiji yana gudanar da al'amura ta hanyar sababi ba shi da abin tsoro a binciken sababin.

Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai ke sauyawa. Abokan gabanmu sun fi mu sauri, domin mu sai shekara ashirin da wani abu muke juya zuriya, sauro kuwa mako biyu ya ishe shi. Dattawan da ke nan suna tuna zamanin kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. Magani ne mai arha da ya yi aiki shekara da shekaru. Sai ƙwayar zazzaɓin ta sami sauye-sauye a wani furotin da ke bangon 'yar jakar da take narkar da abinci a ciki, furotin ɗin ya koma yana fitar da maganin waje kafin ya yi mata illa. Wannan ya ɓulla a Kudu maso Gabashin Asiya da Kudancin Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ya iso Gabashin Afirka a 1978, ya ratso har zuwa gare mu, dole Najeriya ta koma ga haɗin magungunan ACT a 2005. Sauro ma haka. Charles Wondji ɗan Kamaru da abokan aikinsa sun nuna cewa wani nau'in sauron zazzaɓi ya ninka ƙwayoyin gadon da ke ƙera sinadarin narkar da guba, har yana iya sauka kan gidan sauro mai magani ya tashi lafiya. Ƙasarmu da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya ba ta da damar yin wasa da wannan.

Mutane sukan ce ciwo ya saba da magani. Ba sabo ba ne. A cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da ke jikin mara lafiya, akwai 'yan ƙalilan da suka fi sauran juriya tun kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko. In ya je kemis ya sayi rabin magani, ya sha kwana biyu, ya ji sauƙi ya ajiye, ya kashe raunana ya bar wa masu taurin kai fili. Haka manomin da ke tsinka maganin feshi da ruwa fiye da ƙima don ya isa gona, haka mai kiwon kaji da ke zuba musu maganin kashe bakteriya a ruwan sha ba tare da ciwo ba. Mu da kanmu muke yi musu zaɓin.

Saboda haka ina da roƙo, kuma ga matasa zan fara. Ku san jininku tun kafin magana ta yi nisa, ba sai an kai lefe an sa rana ba, lokacin da janyewa ta zama abin kunya ga gida biyu. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan cikin garin nan, gwajin ba ya cin yini. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki da nasa lissafin, ana iya jera uku SS, ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya. Jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024, amma doka ba ta kai kalmar uba ko ta limamin da zai ɗaura aure ƙarfi ba, don haka iyayenmu, ku riƙa tambayar takardar. Waɗanda Allah ya riga ya ba 'ya'ya masu sikila, a kai su asibiti da wuri, a riƙa ba su ruwa sosai, a kwantar da su cikin gidan sauro, a daina kiran su da sunayen da ke karya zuciya. Da kulawa suna girma, suna karatu, suna riƙe gidajensu. Wanda kuma likita ya rubuta wa magani, ya shanye shi har ƙwaya ta ƙarshe ko da ya ji garau.